Daga Lasifikar Ƙofar Fada zuwa Mita 49: Rediyon Kaduna da Masu Sauraronsa

A shekarar 1944 aka kafa wasu manyan lasifikoki a birnin Kano, ɗaya kusa da majalisar Sarki, wasu a ɗakin karatu da gidan waya da sauran wuraren da jama'a ke taruwa. Waya ce ta haɗa su da wani ɗaki inda ake kamo shirye-shiryen BBC daga Landan, a haɗa da labarai da sanarwar En'e cikin Hausa, sannan a tura. Mai hali yana iya biyan kuɗin haya a ja masa wayar har gida, a rataya masa akwati a bango. Akwatin nan ba shi da abin murɗawa a nemi wata tasha. Iyakar ikon mai shi ya ƙara murya, ko ya rage, ko ya kashe. Haka mutanen Arewa suka fara sanin rediyo: murya ce da hukuma ke aikowa, ta hanyar da ba a yi ta don a mayar da amsa ba.

Masu maganar kuwa 'yan ƙasa ne tun farko. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu Turawa suka tura Malam Isa Kaita da Malam Bello Dandago zuwa Akara, a ƙasar da ake kira Gwalkwas a lokacin, wato Ghana ta yau, don su riƙa karanta labarun yaƙi da Hausa. Bello Dandago ya dawo ya ci gaba da aikin a Kano, kuma sunansa ne ginin gidan rediyon jihar ke ɗauke da shi har yau.

Hukumar watsa labarai ta ƙasa baki ɗaya ta zo a 1951, ta rikiɗe ta zama NBC a 1957, shekarar da BBC ma ta buɗe sashen Hausa. Sai dai abin da ya haifi gidajen rediyon jihohi rikicin siyasa ne. A 1953 Gwamna Macpherson ya soki jam'iyyar Action Group ta rediyo, Cif Obafemi Awolowo ya nemi a ba shi fili ya mayar da martani, aka hana shi. Da aka zo tsarin mulkin 1954, 'yan siyasa suka tabbatar an ba jihohi ikon kafa nasu gidajen. Yamma ta buɗe talabijin a Ibadan a 1959, Gabas ta biyo baya a 1960. Arewa ta zo a ƙarshe, a watan Maris na 1962, da kamfanin BCNN, wanda gwamnatin Sardauna ta kafa da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Jama'a ba su wahalar da kansu da waɗannan haruffa ba, Rediyo Kaduna kawai suka kira shi.

Sardauna yana da dalilai masu ƙarfi. Manyan jaridun ƙasar na Legas ne, kuma shugabannin Arewa ba su manta ihun da aka yi musu a titunan Legas a 1953 ba, bayan sun ƙi goyon bayan ƙudurin neman mulkin kai a 1956. Ga shi jihar ta fi rabin faɗin Najeriya, masu karatun boko kuwa 'yan kaɗan ne. Gaskiya Ta Fi Kwabo tana fitowa tun 1939, gangamin Yaƙi da Jahilci yana tafiya, amma jarida sai mota ta kai ta, sai kuma an sami mai karantawa. Rediyo ba ya bukatar ko ɗaya. Ya kuma yi dace da lokacin da ƙananan akwatunan rediyo masu aiki da batir suka cika kasuwa da araha, har manomi ya iya rataya nasa a reshen bishiya a bakin gona, makiyayi ya saɓa nasa a kafaɗa. A kan gajeren zango, mita 49, muryar Kaduna ta wuce iyakar Najeriya ta isa Maraɗi da Damagaram, da arewacin Kamaru, da Chadi, da zangunan Ghana.

Abin da gidan ya yi wa fasahar Hausa shi ne mafi girman aikinsa, kuma shi aka fi saurin mantawa, don ya riga ya zama jiki. Kafin rediyo, waƙar makaɗin fada ba ta wuce inda muryarsa ta kai ba. Wanda ke son jin Musa Ɗanƙwairo sai ya tarar da shi a ƙofar wani basarake, ko ranar salla, ko wurin naɗi. Mamman Shata ya yi yawon duniya da kalangunsa, amma ko shi ba ya iya kwana a gari ɗari a dare ɗaya. Da ma'aikatan rediyo suka fara gayyato makaɗa situdiyo, suna kuma fita da na'urar naɗar murya zuwa fadoji da filayen dambe da gidajen biki, sai waƙar da aka yi wa sarkin wani ƙaramin gari ta zama abin da yaro ke rerawa a ƙasar da ba a taɓa jin sunan garin ba. Ɗanmaraya Jos, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya ɗauki karen mota da lebura da matar da aka yi wa auren dole ya shigar da su zaurukan manya. Kiɗan ƙwarya na mata, wanda asalinsa na cikin gida ne, ya fito fili da muryar irin su Barmani Choge. Hanyar kuma ta bi ta ɗaya ɓangaren: matar da ke cikin kulle, wadda ba ta zuwa dandali ko taron siyasa, ta sami duniya a kusa da murhunta, ba tare da ta nemi izinin fita ba.

Rubutacciyar waƙa ma ta koma inda ta fito, wato kunne. Aƙilu Aliyu da Abubakar Ladan Zariya sun sami masu sauraro da suka ninka masu sayen littafi nesa ba kusa ba. Wasan kwaikwayo ya sami gida. Alhaji Yusuf Ladan ya rubuta Zaman Duniya Iyawa Ne don rediyo kafin ya zama littafin da ake karantawa a makarantu. Usman Baba Pategi, ma'aikacin gidan da ya shiga soja lokacin yaƙin basasa ya dawo, ya ƙirƙiro Samanja Mazan Fama, da Hausar bariki mai karyayyen nahawu, ya sa talakawa suna dariyar soja a zamanin da soja ke mulki. Abin lura, mutumin Pategi ne, Banufe, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a gidan: da yawa daga cikin waɗanda suka raya Hausar rediyo ba da ita aka yi musu tawai ba. Ta bakinsu da na abokan aikinsu daidaitacciyar Hausa ta zauna a kunnen Basakkwace da Bahaɗeje da Bagobiri, kalmomin mulki da na zamani suka sami fassarar da kowa ya yarda da ita. Wannan riba tana da kuɗinta. Jihar Arewa tana da harsuna ɗaruruwa, kuma waɗanda ba Hausa ba sai dai su sami ɗan gurbin mintoci, mafi yawansu ko hakan ba su samu ba.

Hanyar mayar da amsa ta farko da masu sauraro suka samu ita ce wasiƙa. Shirin Zaɓi Sonka, inda mutum ke aiko da kati ya zaɓi waƙa ya gaida 'yan uwa da abokai, ana iya ɗaukarsa shirin nishaɗi kawai, amma ga tela a Funtuwa ko ɗan tireda a Nguru, jin an karanta sunansa da na unguwarsa daga Kaduna shaida ce cewa akwatin nan ya san da zamansa. Har ƙungiyoyin masu sauraro aka kafa a garuruwa, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka ƙulla zumunci ta gaisuwar rediyo, suna ziyartar juna a biki da ta'aziyya. Jakar Magori kuma, kamar jakar mai maganin da aka aro sunanta, tana ɗauke da kowane irin kaya daga wakilan gidan a garuruwa. Duk da haka, gaisuwa da rahoto abu ɗaya ne, ƙara kuwa wani abu ne dabam. Gidan na gwamnatin NPC ne. Magoya bayan NEPU a Kano da na UMBC a ƙasar Tibi, inda aka yi tarzoma a 1960 da 1964, suna jin waƙoƙinsa da daɗi, amma ba su ɗauke shi wurin da za a ji kukansu ba.

Shekarar 1966 ta nuna nauyin abin da aka gina. Ranar 15 ga Janairu, bayan an kashe Sardauna a gidansa, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya shiga wannan gidan rediyon, wanda mamacin ya kafa don kare Arewa, ya sanar da dokar soja a kan lardunan Arewa. A watannin da suka biyo baya, musamman bayan dokar da Janar Ironsi ya kafa ranar 24 ga Mayu ta rushe tsarin tarayya, gidan da jaridar New Nigerian suka zama inda fushin Arewa ke samun murya. A ƙarshen Satumba gidan ya maimaita wani rahoto da aka ji daga rediyon Kwatano cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas, kuma kisan da aka yi wa dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa ya tsananta a kwanakin. Masana tarihi sun saɓa kan gwargwadon laifin da za a ɗora wa rahoton, domin wutar ta riga ta kama tun watan Mayu. Abin da babu saɓani a kansa shi ne cewa mutane sun yarda da abin da suka ji saboda daga Kaduna ya fito, kuma yardar da aka gina da waƙa da gaisuwa ita ce ta ɗauki labarin ta kai shi. Duk mai ba da tarihin gidan ya tsallake wannan babi, yabo yake yi.

Da Janar Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi goma sha biyu a watan Mayun 1967, Jihar Arewa ta kau, aka bar rediyonta. Jihohi shida suka ci gaba da riƙe shi tare, ƙarƙashin hukumar da aka ɗora wa kula da kadarorin da suka gada. Daga nan matsayin gidan ya sauya: babu sauran Firimiya, babu majalisar Lugard Hall, saboda haka wurin da mutumin Sakkwato da na Maiduguri da na Ilori za su ji an ce "Arewa" kullum safe da yamma shi ne mita 49. A wannan zamanin ne aka fara sa tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga Masallacin Sultan Bello. Karatun da a da sai an durƙusa gaban malami a zaure ake jinsa ya shiga kowane gida, tare da sukar da malamin ke yi wa ɗariƙu. Malaman Tijjaniyya da Ƙadiriyya suka ga ana yi musu wa'azi a cikin gidajensu da kayan gwamnati, suka matsa, har aka ba Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi nasa filin. Kafin a kafa Izala a Jos a 1978, an riga an shekara goma ana share mata fage ta iska.

A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta haɗe gidan da NBC aka sami Hukumar Gidajen Rediyon Tarayya, FRCN. Dokar ta keɓe gajeren zango ga Gwamnatin Tarayya, ta miƙa wa jihohi ƙananan tashoshi masu matsakaicin zango waɗanda ba a so muryarsu ta wuce iyakar jiha. Manyan Arewa suka karanta wannan a matsayin yunƙurin rage wa Kaduna murya, suka yi tsaye, gidan ya tsira da na'urorinsa masu ƙarfi da shirye-shiryensa na Hausa da Fulatanci da Barbarci da Nufanci. An yi wannan gwagwarmaya, an kuma maimaita irinta daga baya, a kan tambaya ɗaya: ina muryar za ta kai? Tambayar wa zai yi magana a cikinta ba ta sami masu tsaya mata haka ba.

Jamhuriya ta Biyu ta fito da giɓin a fili. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman Bakolori, kusa da Talata Mafara, waɗanda suka tare hanyoyi suna neman diyyar gonakin da madatsar ruwa da aikin ban-ruwa suka cinye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, manoma da masu bincike suka ce ɗaruruwa. Mutanen nan sun daɗe suna kuka kafin ranar, haka ma na ƙasan kogi waɗanda madatsar ta hana fadamunsu ambaliyar da suke noman shinkafa da ita. A lokacin babu gidan rediyo ko ɗaya a Najeriya wanda ba na gwamnati ba, kuma jam'iyya ɗaya, NPN, ke riƙe da Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Sakkwato. Rediyo ya yi wa manomin Arewa hidima ta gaske, ya kai masa shawarar malaman gona na Samaru kan taki da iri da feshi, ya raka shi cikin farin 1973. Amma an tsara shi ne ya koya wa manomi, kuma ranar da manomi ke da abin da zai koya wa gwamnati game da ƙasarsa da ruwansa, mai gidan rediyon shi ne wanda ake ƙara.

A Kano, inda PRP ke mulki, Gwamna Abubakar Rimi ya ga Rediyo Kaduna na NPN ne, ya ƙarfafa rediyon jiha, ya kafa jaridar Triumph, daga baya ya buɗe talabijin na CTV. Ranar 10 ga Yulin 1981, bayan takardar tuhumar da gwamnatinsa ta aika wa Sarki Ado Bayero, masu tarzoma suka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad, suka cinna wa gine-ginen gwamnati wuta, ciki har da gidan rediyon. Ba su yi kuskuren adireshi ba. A idon kowane ɓangare, gidan rediyo bakin gwamna ne.

A ƙetaren iyaka an gwada wata hanya, kuma abin mamaki a shekara ɗaya da kafa BCNN. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob ɗin rediyo ta Nijar. Mutanen ƙauye kan taru su saurari shiri kan lafiya ko noma ko haraji, su tattauna, jagoran kulob, wanda sau da yawa malamin makaranta ne, ya naɗi maganarsu a tef ya aika Yamai, a tace a watsa. Kada a zuzuta abin fiye da kima, domin mulkin Diori Hamani na jam'iyya ɗaya ne, an haramta Sawaba tun 1959, kuma almakashi yana hannun Yamai. Amma al'adar miƙa wa baƙauye makirufo ta zauna. Bayan taron ƙasa na 1991 aka buɗe fage ga masu zaman kansu, a 1999 kuma aka kafa rediyon karkara a Bankilare, ƙaramar tasha mai aiki da hasken rana wadda mutanen gari ke gudanarwa, tana ba da hasashen ruwan sama da farashin kasuwa da cigiyar dabbobi da harsunan wurin. Cikin shekaru goma irinta suka wuce ɗari a ƙasar da ba ta kai Najeriya arziki ko kusa ba.

Najeriya ta buɗe nata fagen da Doka ta 38 ta 1992, amma ga masu jari. RayPower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio ta fara a Kano a watan Disambar 2003, shekara biyu bayan zuwan wayar salula. Haɗuwar FM da salula ta yi abin da shekara sittin ba su yi ba: mai sauraro ya buga waya ya faɗi cewa famfon unguwarsu ya ƙafe, ko tiransifoma ta ƙone, ko bola ta toshe magudana, kwamishina yana ji. Shirin Inda Ranka ya zama kamar kotun talaka. Tare da shi aka sami sojojin baka, masu sayen fili su yabi ubangida su zagi abokin hamayyarsa, kuma kowa ya ci ladan kuturu ya san abin da ke kansa. Haɗarin 1966 ma bai tafi ko'ina ba. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafin shan inna tara a Kano, kwanaki kaɗan bayan wani shiri na Wazobia FM ya soki rigakafin. Aka kama ma'aikatan gidan, hukumar kula da kafofin watsa labarai ta dakatar da lasisinsa.

Waɗannan tashoshi a manyan birane suke, inda masu talla suke. Rediyon al'umma irin na Bankilare, wanda ba na gwamna ba kuma ba na attajiri ba, sai a 2015 gwamnatin Goodluck Jonathan ta amince da lasisi 17 na farko a faɗin ƙasar, shekara goma sha shida bayan Nijar. Masunta da manoman fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda kachalla ta toshe musu hanyoyin ruwa tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa, sun fi samun labarin majalisar dattawa da na Gabas ta Tsakiya a akwatinsu fiye da labarin ranar da za a sako ruwa daga sama da su. Gidajen jihohi, da ya kamata su cike wannan gurbi, suna fama da tsofaffin na'urori da kuɗin dizal, kuma shugabansu gwamna ne ke naɗa shi.

Akwai kuma abin da ya rage a ɗakunan ajiya. Da yawa daga waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan'anace da ake turawa a memori a kasuwa yau, asalinsu naɗin gidajen rediyon gwamnati ne, wanda aka kwafa daga kaset zuwa kaset har muryar ta dushe. Tushen yana kan faya-fayan tef masu zagaye, tare da hirarrakin sarakuna da malamai da tsofaffin sojoji, da wasannin kwaikwayon da ba a taɓa bugawa a takarda ba. Tef ba ya jure zafi da laima da ƙura. Yakan manne, ko ya yi fumfuna, ko maganin da ke riƙe sautin ya zube. Na'urorin da ke juya irinsa an daɗe da daina ƙera su, kuma injiniyoyin da suka san gyaransu yawancinsu sun yi ritaya.